Amplina yana ɗaukewa in na ƙara murya, ƙarami ne ga sifikokin ko me?

Dan_Zariya
Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nake nema wajen masana. Ina da kayan kallo irin na DVD ɗin nan mai sifika biyar da wufa, wato sifikar bas, sun daɗe a wurina. Kan DVD ɗin ya mutu, sifikokin kuwa lafiyarsu ƙalau. Sai na sayi ampli na hannu, kayan Turai, a jikinsa an rubuta 5 x 100 W. Na haɗa, yana magana. Amma da na ƙara murya, musamman a fim mai harbe-harbe ko in an ci ƙwallo fili ya ɗauki ihu, sai ya yi ƙas ya ɗauke, ya rubuta PROTECT. Wufar kuwa ko motsi ba ta yi. A kwalin tsofaffin kayan 1000 W aka rubuta. Wani yaro a babbar kasuwa ya ce min amplin ne ya yi musu kaɗan, wai 500 ba ta ɗaukar 1000, in ƙaro kuɗi ya ba ni mai 2000 W. Kafin in zuba jikkunana, haka abin yake?

Mai_Gyara_Bagalam
Wa alaikumussalam. Kada ka ba shi ko dala tukuna. Juya sifika ɗaya ka duba bayanta, akwai lamba da wannan alamar Ω kusa da ita, om ke nan, ma'aunin yadda sifika ke tare wuta. Ka duba bayan amplin ma, wajen da wayoyin sifika ke shiga, shi ma da tasa lambar. Kawo mana su duka biyun. Sannan wufar, waya biyu ce tsirara ke fita daga cikinta, ko tana da igiyar wuta tata ta kanta?

DJ_Guguwa
Yaron nan bai yi ƙarya ba fa. Mu a sana'armu ƙa'ida ce ampli ya fi sifika ƙarfi. In sifika 300 ce, ampli mai 450 zuwa 600 muke ba ta. Ɗora 1000 a kan 500 ai wahala ce kawai.

Malamin_Fizik
DJ, ƙa'idarku tana da tushe, amma wace 1000 ɗin? Wat ɗin da ke kan kwali iri-iri ne. Akwai wanda ake rubuta wa RMS, shi ne ƙarfin da na'ura ke iya bayarwa ko ɗauka a jere, ba na ƙiftawar ido ba. Akwai kuma PMPO, wanda ba shi da wata tsayayyar hanyar awo da aka yarda da ita, kowane kamfani lambar da za ta sayar masa da kaya yake bugawa. Abin ya taɓa yin yawa a Amurka, har hukumar kula da kasuwanci ta can, FTC, ta kafa doka a 1974 cewa mai tallar amplin gida dole ya faɗi ƙarfin da yake bayarwa a jere. Kayan da ke shigo mana nan kuwa ba mai tambayarsu.

Dan_Zariya, in tsohon kan DVD ɗin yana nan, duba bayansa inda aka rubuta wutar da yake ci. Zan yi mamaki in ta wuce 150 W. Abin da ke cin 150 daga bango, ta ina zai fitar da 1000?

Sola_Tibiri
Malam, ɗan gyara kaɗan. Lambar cin wutar da ke baya ba kullum ba ce iyakar abin da na'ura ke ja. Kamfanoni da yawa suna auna ta ne ana kiɗa daidai wa daida, ba a ƙure ba. To ampli na iya wuce ta na ɗan lokaci. Amma dai ninki bakwai ko goma a jere, wannan kam babu shi.

Malamin_Fizik
Haka ne. Ma'auni ne na kama ƙarya babba, ba na lissafin ƙwaƙƙwafi ba.

Tsoho_Mokoyo
Ku yaran yanzu lamba kuke saye. Rediyo kaset ɗin da nike da shi tun zamanin Kunce 2 x 15 W anka rubuta mishi, kuma in na buɗe shi har bakin titi ana ji. Wanga 2000 W da ake ɗauka da hannu guda kamar kwalin sabulu, mi ke cikinshi?

Dan_Zariya
Na duba. Sifikokin 3 Ω aka rubuta, dukkansu. Bayan amplin kuma 6–16 Ω. Tsohon kan yana cin 110 W, Malam ka faɗi daidai. Wufar waya biyu ce tsirara, sai na sa mata kan fulogi irin ja da farin nan na cusa a ramin da aka rubuta SUBWOOFER PRE OUT.

Mai_Gyara_Bagalam
To ga ciwon nan ya fito, kuma ba ruwansa da 500 ko 1000. Amplinka an yi shi don sifika mai om 6 zuwa sama, kai kuma ka ba shi masu om 3, har guda biyar. Mutane suna ɗauka ƙaramar lamba sauƙi ce, alhali a nan juye take: om kaɗan shi ne kaya mai nauyi. Kamar jaki ne da aka ce buhu biyu yake ja a amalanke, ka lafta masa huɗu. A miƙaƙƙiyar hanya zai lallaɓa, da an zo hawa sai ya tsaya. Harbe-harben fim ɗin nan su ne hawan. Kuma ka gode Allah naka yana da mai tsaro a ciki da ke kashe shi. Masu araha ba sa ɗaukewa, taransisto suke ƙonawa, a kawo mana.

Irin kayan DVD ɗin nan da yawansu om 3 ko 4 ake yi wa sifikokinsu, don da ƙaramin amplin da ke cikin kan aka tsara su, ba don a raba su ba.

Wufar kuwa ba ta lalace ba. Ramin PRE OUT sigina kawai yake fitarwa, babu ƙarfi a cikinsa. An yi shi ne don wufa mai ampli a cikinta, wadda ake jonawa a bango. Taka ba ta da shi, ko shekara za ta yi a ramin nan ba za ta ce uffan ba.

Malamin_Fizik
Bari in sa lamba a kan maganar Mai Gyara don masu son lissafi. A ce ampli ya fitar da bolt 20. A sifika mai om 8, amfiya 2.5 za ta ja, wat 50 ke nan. Bolt 20 ɗin nan dai a sifika mai om 3, amfiya kusan 6.7 za ta ja, wat sama da 130. Ba ka taɓa maɓallin murya ba, amma wutar da ke bi ta cikin taransisto ta kusa ninka uku, zafi kuma ya bi ta. Ka tuna hanya biyar ne, duka daga taransifoma guda suke sha.

Kuma om ɗin da aka rubuta matsakaici ne. Sifika tana sauka ƙasa da shi a wasu sautukan, ta hau sama a wasu.

DJ_Guguwa
To ai maganata ce ta dawo. Ampli babba da ke ɗaukar om 2 ba zai ɗauke ba.

Mai_Gyara_Bagalam
Ba zai ɗauke ba, gaskiya. Sifikokin ne za su ɗauke, kuma su ba sa dawowa. Ƙananan gwangwanayen nan da ƙyar in kowace za ta jure wat 30 na gaskiya. Ka kawo musu amplin biki?

Gidan_Kallo_AliDanSofo
Ni abin da ya same ni ya saɓa da wannan. Ina da manyan sifika biyu a gidan kallona, 250 W RMS kowace, om 8. Da ƙaramin ampli nake tura su, mai 40 W, ina ganin ai ba abin da zai same su tunda sun fi ƙarfinsa nesa ba kusa ba. Duk daren Champions League yara na ihu, sai in murɗe shi har ƙarshe don a ji mai sharhi. Twita, ƙaramar sifikar nan ta siririn sauti, ta ƙone, na canza, ta sake ƙonewa. Da na samu ampli mai 200 W a kowane gefe, rabin murya nake ba shi, kuma tun daga nan ban sake sayen twita ba. To a wurina ƙaramin ampli shi ne mugu.

Malamin_Fizik
Alhaji, abin da ya faru da kai sananne ne. Kowane ampli yana da iyakar bolt da zai iya fitarwa. In ka nemi abin da ya wuce ta, sai ya aske kan igiyar sautin, maimakon ta yi lanƙwasa mai kyau sai ta yi fale-fale a sama da ƙasa. Kunne yana jin haka a matsayin tsagewa da ƙarar gwangwani. Askewar nan tana haifar da ƙarin sirarun sautuka, sannan tunda ka ci gaba da murɗawa, sirarun da ke cikin sautin tun asali su ma suna ta hawa. Duka twita suke nufa. Ita kuwa twita, ko a akwatin da aka rubuta wa 250 W, bobin ɗinta, wato naɗin wayar da ke cikinta, siriri ne, kaso kaɗan na wannan lambar take iya ɗauka. Babbar sifikar ƙasa ce ke da yawancin 250 ɗin.

Angon_Bana
Mu kuma a bikin yayana babban ampli ne ya fasa wufa, takardar ta yage har hayaƙi ya fito. To wanne za mu kama?

Mai_Gyara_Bagalam
Duka biyun suna zuwa shagona. Ƙarami da aka ƙure yana cin twita, babba da aka sake wa linzami yana cin wufa. A duka biyun akwai hannun da ya ji sauti ya fara tsagewa bai rage ba. Ƙaramin ampli da ba a ƙure shi ba, da wuya ya ƙona wani abu.

DJ_Guguwa
Shi ya sa namu ke da fitilar CLIP, mai nuna ampli ya fara aske sauti. In ja ta fara ƙiftawa ka ja baya. Matsalar biki ita ce abokan ango, kowa sai ya zo ya taɓa.

Uwar_Yara
Ni tambayata daban ce. Duk wannan wat ɗin a falo ɗaya za a sake shi? Mu da ke cikin gida da maƙwabta fa? Maigidana ma haka yake, in ya kunna fim har kwanukan kabet suna rawa.

Malamin_Fizik
Hajiya, tambayarki ta fi ta kowa, don ita ce ya kamata a fara da ita: wat nawa falo yake buƙata?

Akwai lamba ta uku a jikin sifika da ba mai kallonta, wadda ake rubutawa kamar 88 dB. Ma'anarta, in ka ba ta wat 1 tak, ka tsaya mita 1 daga gabanta, ƙarar da za ka ji desibel 88 ce. Wannan ba ƙaramar ƙara ba ce. A wuraren aiki, daga desibel 85 ake fara cewa wanda zai yi awa 8 a ciki ya kare kunnensa.

Nisa yana rage ta. A fili, duk ninka nisa desibel 6 ke tafiya, a mita 3 ka rasa kusan 10. A ɗaki bango yana maido maka da wani abu, ga kuma sifika ta biyu tana ƙarawa. To mai zaune a kujera mita 3, kallon labarai da hira ko wat 1 ba ya cinyewa. Fim da ƙarfi, wat kaɗan ne a yawancin lokaci. Sauran ƙarfin ajiya ne don lokacin da bam zai tashi.

Sai abin da masu saye ba sa so su ji: ninka wat sau biyu desibel 3 kawai yake ƙarawa. Daga 100 W zuwa 200 W za ka ji an ɗan ƙara, shi ke nan. Kafin kunne ya ce ƙara ta ninka, sai ka ninka wat kusan sau 10. Saboda haka wanda ya bar ampli mai 80 W ya ƙara kuɗi don mai 100 W, desibel 1 ya saya.

Uwar_Yara
Wannan zan tura wa maigida yanzun nan.

DJ_Guguwa
A nan kam na yarda da Malam. Sifikokinmu na fili 97, 98 dB ne. Mai 97 da wat 10 daidai take da mai 87 da wat 100. Shi ya sa in mutum ya kawo sifikar falo tsakar gida sai ta zama kamar rediyon aljihu.

Dan_Gulbi_227
Wannan ta tsakar gida gaskiya ce. Mu daga watan Maris ba mai zama ɗaki da dare, tele da sifika duk waje muke fiddawa. Murya da ke isa a falo a 30, a waje sai na kai 50 ban ƙoshi ba, bas ɗin ma ya ɓace gaba ɗaya. Ashe bango ne ke taimako.

Sola_Tibiri
Ku ƙara da maganar wuta, don ina ganin tana cikin matsalar Dan_Zariya. Lokacin zafi da magariba, kowa ya kunna fanka da kilim da firiji, a wasu unguwanni in ka sa mita ba za ka ga 220 ba, wani lokaci ko 190 ba ta kai. Ampli mai taransifoma abin da ya shigo shi yake juyawa, in ta shigo ƙasa ta fita ƙasa. Ƙarfinsa ya ragu ke nan, kuma zai fara aske sauti da wuri. Kayan Turai ma 230 aka yi musu. Regilater mai kyau yana taimakawa, amma a sayi wanda ya fi abin da amplin ke ci da rata, ba ɗan ƙaramin na tele ba.

Wanda kuma aka aiko wa kaya daga Amurka ya duba sosai, nasu 120 V ne, na Japan 100 V. Ka cusa shi a bangonmu kai tsaye, an gama.

Mai_Gyara_Bagalam
Ina da gawa uku irin wannan a ƙarƙashin tebur, masu su sun ƙi dawowa.

Dan_Gulbi_227
Sola_Tibiri, a kan batir fa? Ina da inbata, in na jona ampli sai ya dinga gurnani ko ba a kunna komai ba.

Sola_Tibiri
Inbatarka irin mai araha ce da wutarta ke fita da kusurwa, ba mai santsi irin ta layi ba. Taransifoma ba ta son ta, gurnani da zafi take jawowa. Ko ka nemi mai tsabtatacciyar wuta, ko ka bar inbatar gaba ɗaya ka sayi ƙaramin ampli Class D da ke aiki kai tsaye da batir. Su kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da suka ci sauti suke mayar da ita, tsofaffin Class AB kuwa kusan rabi zafi ne. Amma kada lambar da ke jikinsu ta ruɗe ka. Allunan amplin nan masu ɗan guntun da ake kira TPA3116 da ake rubuta wa 2 x 50 W, sai ka ba su wajen bolt 24 suke kusantar haka. A batir mai bolt 12 da sifika mai om 4, lissafi ba ya wuce wat 18 a kowane gefe. Rediyon mota ma da ake rubuta wa 4 x 50 W, na gaskiyarsa wajen 20 ne. Kuma ya isa falo, kamar yadda Malam ya nuna.

Ladan_Unguwa
Salamu alaikum malamai. Tunda ana maganar, amplin masallacinmu yana da rami an rubuta 100 V, wani kuma 8 Ω. Mun samu sadakar sifika irin ta gida za mu sa a ciki don sahun mata. A wanne za a sa?

Mai_Gyara_Bagalam
Malam Ladan, kada a kusantar da ita ramin 100 V. Wannan na lasifikokin da ke da ƙaramar taransifoma a jikinsu ne, irin na kan hasumiya, don a ja waya mai nisa a jera da yawa. Sifikar gida a 8 Ω take shiga. Amma yawancin irin waɗannan ampli ba a so a yi aiki da ramukan biyu lokaci guda. Mafi sauƙi a saya mata 'yar taransifomar layi, a ɗaura mata, sai ta bi layin 100 V tare da sauran. Sai a tara wat ɗin dukkansu a tabbata bai kai ƙarfin amplin ba.

Admin_Katsinawa
Malam Ladan a buɗe wa wannan zance nasa daban don Allah, zai amfani masallatai da yawa. Mu koma kan mai tambaya.

Dan_Zariya
Na gode admin, har na fara tunanin an manta da ni. To yanzu mene ne mafita? Sifikokin nan zubar da su zan yi?

Angon_Bana
Ka sa musu rezistans, ɗan abin nan mai tare wuta, mai om 3 kowace, su zama 6. Magana ta ƙare.

Mai_Gyara_Bagalam
Amplin zai huta, amma rabin ƙarfin a rezistans ɗin zai ƙone, kuma sai ka nemo manya masu jure zafi, ga sautin ya canza. Ban ba ka shawara ba.

In kana son gwaji na yau da dare ba tare da kashe ko sisi ba: ɗauki sifika biyu iri ɗaya ka haɗa su a jere. Jan waya daga ampli zuwa jan ta farko, baƙin ta farko zuwa jan ta biyu, baƙin ta biyu ya koma ampli. 3 da 3 sun zama 6. Ka yi haka hagu, ka yi haka dama, sifika huɗu sun samu aiki, amplin kuma ya samu om ɗinsa. Sai dai ka rasa sautin baya, ka koma sitiriyo. Ka kula kada ka murɗe jajaye wuri guda baƙaƙe wuri guda, wannan om 1.5 zai ba ka, shi ne kashe ampli da gangan.

Gidan_Kallo_AliDanSofo
Ba akwai wani wuri a menu da ake zaɓar 4 Ω ko 6 Ω ba? Nawa yana da shi.

Malamin_Fizik
Wasu suna da shi, amma ba ƙarfi yake ƙarawa ba. Bolt ɗin cikin amplin yake ragewa don kada ya yi zafi da yawa. Zai iya rage ɗaukewar, ba zai mayar da om 3 abin da aka yarda da shi ba.

Sannan 5 x 100 W ɗin nan ma a karanta ta da hankali. Yawancin amplin sinimar gida ana auna su ne hanya ɗaya ko biyu na aiki, wani lokaci a sauti guda na 1 kHz, a om 6. In duka biyar suka ja lokaci guda, kowace ba ta samun 100. Lambar da ta fi gaskiya ita ce wadda aka rubuta 20 Hz–20 kHz, 8 Ω, hanya biyu, da THD, wato ma'aunin tsagewar sauti, ƙasa da 0.1%. In ka ga THD 10%, an auna ne sauti ya riga ya tsage.

Tsoho_Mokoyo
Ni dai tambaya guda: ina ka aje amplin? Don na san halinku, cikin kabet mai gilashi, dikoda bisa kanshi.

Dan_Zariya
Baba kamar kana ɗakin. Cikin kabet yake, dikodar Canal+ a kansa, uwargida kuma ta shimfiɗa masa ɗan leshi saboda ƙura.

Uwar_Yara
To ƙurar hunturun garin nan in ba a rufe ba wa zai share? Ku ne?

Mai_Gyara_Bagalam
Hajiya a rufe in an kashe, a buɗe in an kunna, kowa ya samu nasa. Ramukan saman nan ta nan zafi ke fita. A Afrilu da Mayu da muke wuce digiri 40, na'urar da aka yi don ɗakin Turai tana wahala ko a buɗe take, balle a kabet. Ka fito da shi, ka bar masa kamar tafin hannu a sama, ka sauke dikodar. In na hannu ne ma a buɗe a hure ƙurar ciki. Sannan ka duba bakin wayoyinka, silin tagulla guda ya taɓa na kusa da shi ko jikin ƙarfen, PROTECT zai rubuta ko da sifikarka daidai take.

Sola_Tibiri
Game da wufar: ƙaramin allon Class D na wufa, mai hanya ɗaya, ya ishe ta. PRE OUT ya shiga allon, allon ya tura wufar. Ka duba dai an rubuta yana ɗaukar om 3 ko ƙasa. In ta fara aiki, ka shiga menu ka sa duk sifikokin a Small. Iyakar da aka saba, wadda sautin da ke ƙasa da ita ke tafiya wufa, ita ce 80 Hz, wadda kamfanin THX ya yaɗa, amma ƙananan gwangwani irin naka ba sa sauka can, ka kai ta 120 ko 150. Bas shi ne ke cin yawancin ƙarfi. Da ka ɗauke shi daga kan amplin ka miƙa wa wufa, nauyin ya ragu sosai.

Dan_Gulbi_227
Ampli masu makirufon nan da ke saita kansu fa? Na ga na abokina yana ta fitar da wani sauti shuu shuu.

Sola_Tibiri
Yamaha suna kiran nasu YPAO, Denon da Marantz Audyssey, Pioneer MCACC. Nisa da ƙarfin kowace sifika suke aunawa su daidaita. Ba sa gyara om. Kuma kayan hannu da wuya ka same su da makirufonsu, rimot ma sai an yi sa'a.

DJ_Guguwa
Ni fa duk wannan ɗinke-ɗinke ne. Allo nan, waya a jere can. Ka sayar da gwangwanayen, ka sayar da amplin, ka sayi sifika biyu masu ampli a cikinsu. Kamfani ya riga ya auna komai, ba ruwanka da om.

Tsoho_Mokoyo
In amplin cikin ya mutu kuma ka yi asarar duka biyu. A'a. Ampli mai nauyi irin nashi ba a saida shi. Ya nemi sifika biyu na katako masu om 8, ko tsofaffi ne, ya ji abin da ake kira sauti.

Dan_Zariya
Ga rahoto. Na fito da shi daga kabet, na yanke bakin wayoyin na sake murɗe su, na haɗa biyu-biyu a jere yadda Mai Gyara ya ce, ta tsakiya na cire ta. Mun kalli wasan jiya har ƙarshe bai ɗauke ba, kuma ya yi ɗumi ne kawai, ba zafin da ba. Sai dai sautin siriri ne, ba nauyi ko kaɗan tunda wufa ba ta aiki. Maƙwabcina ya ara min mita, kowace sifika tana nuna wajen 2.6. Ko sun fara lalacewa ne?

Mai_Gyara_Bagalam
Lafiyarsu lau. Mita kullum ƙasa da lambar jiki take nunawa, mai om 8 ma wajen 6 za ka gani. Yanzu ka san amplin ba shi da laifi.

DJ_Guguwa
Bai sani ba tukuna. Abu uku ya canza lokaci guda, kabet, waya, da haɗi. Wa ya san wanne ne ya gyara? Wataƙila silin waya ne kawai tun farko.

Malamin_Fizik
DJ ya kama mu a nan. Amma ko silin waya ne, 3 dai ba ta cikin 6–16, ni ba zan ce ya mayar da su yadda suke don gwaji ba.

Dan_Zariya
Ba zan mayar ba. Abin da ke hannuna yanzu abu ɗaya zai saya, ko allon wufa, ko sifika biyu masu om 8 na hannu da na gani a Sabon Gari, an rubuta musu 60 W, 89 dB. Amma 60 a kan ampli mai 100, ba zan fasa su ba?

Gidan_Kallo_AliDanSofo
Ba za ka fasa ba in kana da kunne. Sayi sifikokin.

Sola_Tibiri
Ni allon zan fara saya. Ya fi araha, kuma nauyin da ya ce babu, daga wufa zai zo.

Mai_Gyara_Bagalam
Ya danganta da girman na Sabon Garin. In babbar sifikar cikinsu ta kai inci 6 ko 8, za su ba ka bas da ya fi na 'yar wufar DVD ɗin nan tsabta. Kafin ka biya, ka danna takardar a hankali da yatsu ka ji ko tana gogar wani abu, ka duba robar gefen ko zafi ya cinye ta, ka kuma kara kunne a twita ka tabbata tana magana. Ka tafi da batirin tocila mai bolt 1.5 ka taɓa a bakin wayar, in takarda ta motsa bobin na da rai. In mai kayan ya yarda ka kawo su shago mu jona mu ji.

Angon_Bana
In ka sayi na katakon, nawa za ka bar min ƙananan? Ina da allon bolt 12 a shago ba sifika.

Sola_Tibiri
Ango duba allonka tukuna, yawancinsu daga om 4 suke farawa. Kada gobe mu ga ka buɗe irin wannan tambayar.